Ranar da Gara Ba Ta Zo Ba

A gidanmu sauro ne yake kiran taron tatsuniya. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kanal ya bi ta bayan gidajenmu da ruwa rani da damina, don haka sauronmu bai san hutu ba. Da an idar da magariba sai kakarmu, Iya Abu, ta sa a tara ragowar garwashin da aka turara shinkafa da shi, a barbaɗa buntu, a ɗora ɗanyen ganyen darbejiya. Hayaƙi ya turnuƙe, mu matso muna tari, idanunmu suna ruwa. Ita kuwa sai ta miƙe ƙafafu ta ce hayaƙi matsalar masu ido ce, ita ta huta.

Yanar ido ce ta rufe mata gani tun ban yi wayo ba. Amma in ka gan ta a tsakar gida ba za ka ce makauniya ba ce. Ta san inda turmi yake, ta san inda aka saba mantawa da bokiti, kuma da takun ƙafa take gane kowannenmu. Ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika. Kullum tana ƙorafin ta yi dacen miji marar cefane, ni kuma in ce ai na kusa sakinta in auro mai haƙora.

In za ta fara sai ta ce, “Ga ta nan, in ji masu gani.”

Mu ce, “Ta zo mu ji ta.”

Ta ce, “Yauwa. A wajen ji dai duk ɗaya muke.”

Tatsuniyoyinta da yawa, amma wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta rumbun raƙumin dawa. Wai wata shekara namun daji suka gaji da yunwar bazara, suka ce a gina rumbu guda na kowa da kowa, kowa ya zuba abin da ya noma. Aka ba raƙumin dawa aikin don shi ne gwanin gini. Ya kuwa yi rumbu na gani na faɗa, ya shafe shi sumul, ya yi masa baki a can sama daidai inda nasa bakin yake kaiwa. Kowa ya kawo hatsinsa. Wata tsohuwar kunkuru ma ta jawo nata ɗan damin, biri ya hau ya zuba mata.

Da bazara ta kama, tsuntsaye suka riƙa shiga ta sama, biri ya ɗare, giwa ta zura hanci. Tsohuwar kunkuru ta kewaya gindin rumbu ta sake kewayawa, ba ta ga ƙofa ba. Ta ɗaga kai ta tambayi magini. A nan Iya takan miƙe wuya ta siranta murya, ta yi maganar raƙumin dawa cikin ladabi: “Haba Iya, ga ƙofa nan a buɗe, ko murfi ban sa ba. Kowa ya ɗiba.”

Biri mai kirki ne, in ya tuna yakan sauko mata da ɗan abin da ya damƙo. Sai dai ba ya bayarwa sai ya ɗaga murya a gaban kowa, “Ga na tsohuwa! A ba tsohuwa hanya!” Ita kuma da kunya ta ishe ta sai ta fara cewa ta ƙoshi. Biri ya yarda, ya daina saukowa. Tana nan jingine da rumbu cikinta yana kuka, sai gara ta ji, gara da ko gayyatarta ba a yi ba. Ta huda 'yar ƙofa a gindin rumbun ta baya, daidai wuyan kunkuru, inda babu mai gani. Tsohuwa ta riƙa ci lokacin da ta ga dama. Shi ya sa har gobe gara take huda gindin rumbu, manomi yana tsine mata, ita kuwa aikin lada take yi.

Mu yara ba mu taɓa gamsuwa ba. Kullum sai wani ya ce a daki raƙumin dawa.

“A dake shi a kan me?” in ji Iya. “Ya saci na wani? Shi dai tsawonsa ya auna, ya manta da na mutane. Ƙurunƙus, kan wanda ya riga barci.”

A lokacin ban san labarin yana da maƙwabci a cikin gidanmu ba.

Iya tana da ɗan fari, Baffa Garba, yayan mahaifina. Ya tafi aikin hajji tun kafin a haife ni, ya zauna a Jidda yana ɗinki, takardunsa ba su cika ba balle ya riƙa zuwa yana komawa. Kamar yadda matan zamaninta suke yi wa ɗan fari, Iya ba ta taɓa kama sunansa ba. “Mutumin can” take cewa, shi ma sai ta kama dole. Ba ta tambayar lafiyarsa. In ana hirarsa sai ta tuna tana da tsintar shinkafa a ɗaki. Kunya ce, kuma a wajenta kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce, ita ce shaidar an haife ta a gidan mutunci.

Baffa bai iya boko ba, mu ma manyanmu haka, saboda haka da kaset yake aiko da saƙo. Duk alhajin da zai dawo yankinmu sai ya ba shi. A taru a tsakar gida a kunna rakoda, a ji gaisuwa gida-gida, a ji wanda aka aiko wa turare da wanda aka aiko wa faɗa. Iya tana ƙofar ɗakinta ta juya baya. In an ce, “Iya, matso ki ji,” sai ta ce, “In ji me? Ku da kuka aike shi ku ji.” In gefen farko ya ƙare akan kashe, domin ɗaya gefen ba komai a ciki sai surutu: zafin garin, tsadar albasa, wani maƙwabcinsa mai minshari. Babana yakan ce Yaya dai ba ya son ya bar zare a banza. Bayan wani lokaci sai a ɗauki amsa a kan kaset ɗin a mayar masa, don haka kullum na ƙarshe ne kawai yake gidan.

Wata rana aka koro mu daga makaranta da hantsi. Lokacin tsinkar tumatir ne, gida ba kowa, manya da yara duk suna gona. Na shigo ba sallama sai na ji muryar namiji ƙasa-ƙasa a ɗakin Iya. Na leƙa. Tana zaune a bakin gado da rakoda a cinya, ta sunkuyar da kai, Baffa yana ba ta labarin mai minshari. Tana murmushi, har tana amsa masa, “Allah Sarki. To ka toshe kunne mana.” Ta liƙa ɗan ƙaro a kan maɓallin kunnawa don yatsanta ya gane shi. Da labarin ya ƙare ta lalubi na mayarwa baya, ta sake farowa.

Na ja da baya a hankali. Na san ta ji takuna, babu yadda za a yi ba ta ji ba. Daga ranar na gane dalilin da batir ba ya daɗewa a gidanmu, abin da kullum mu yara ake yi wa faɗa a kai. Na shiga shanya mata tsofaffin batira a rana a kan katanga, in mayar cikin rakoda ba tare da na yi magana ba.

Rakodan nan bai buƙaci ido ba, bai buƙaci karatu ba, bai buƙaci ta roƙi kowa ba. Ita da ɗanta ne kawai, sai ɗan ƙaro.

Sai zamani ya fara shigo mana. Wayar hannu ta iso, Babana ya sayi ɗaya bayan kakar alkama. A cikin gida ba ta kamawa, sai an hau gaɓar kanal, wajen da samari suke zama. Ranar da Baffa ya kira, aka yi ta murna, aka zo a kama hannun Iya a kai ta. Ta ce ita da girmanta ba za ta hau tudu ta tsaya a gaban 'ya'yan mutane tana ihu cikin wani abu kamar sabulu ba. “Ku ce masa muna lafiya.” Aka yi dariya, aka ce Iya da kunya, aka ƙyale ta. Kowa ya ɗauki maganarta a yadda ta faɗe ta.

Tun da waya ta samu, kaset ya ja baya. Na ƙarshen da ya rage Iya ta yi ta juya shi har zaren ya fara tsinkewa. Na ɗinke shi da jan farcen yayata, ya sake tsinkewa, na sake. Muryar Baffa ta koma kamar mai magana a cikin randa. Rannan rakoda ya tauna zaren gaba ɗaya. Ta miƙo mini shi a dunƙule ta ce, “Maigida, zubar da sharar nan.”

Da alhazai suka dawo a shekarar, aka kawo saƙon Baffa. Ba kaset ba ne. Wani faifai ne mai ƙyalli a cikin leda. Alhajin ya ce a can an daina yayin kaset, wani yaro ne ya ɗaukar wa Baffa muryarsa a kwamfuta ya zuba a ciki, wai ya fi kyau, ba ya tsinkewa har abada. Aka yi ta karɓa ana duba fuska a jiki. Da ya zo hannun Iya, ta shafa shi sama da ƙasa, ta zura yatsa a hujin tsakiya, ta juya shi.

“Wannan ina ɗaya gefen nasa?”

Aka ce ba shi da shi. Ta ce to, ta miƙa.

Aka gwada a gidan kallon ƙauyenmu, na'urarsu ta ƙi karɓa, mai gidan ya ce sai kwamfuta. Babana ya ce in ya shiga Kano zai sa a juye a kaset. Amma tumatir ba ya jiran kowa, ga motocin 'yan kudu suna tsaye a bakin titi, ga rabon ruwan kanal. Kuma a ganinsa babu gaggawa, tunda suna magana da yayansa a waya, Iya kuwa ai ba ji take yi ba. Faifai ya zauna a cikin kwallar Iya. Ita ta ce a ajiye a can, wai kada yara su fasa.

Na ga yadda ta canza. Da hantsi in gida ya watse takan zauna a ƙofar ɗaki hannunta a cinya, ba ta yin komai. Abin yana cina a rai, amma yaro ne ni, kuma in na faɗa wa Babana na tona mata asiri.

Ranar wata kasuwar Kura ta kira ni. “Maigida, yau dai ka yi abin kai. Kai ni in sayo maganin ido.” Idon da ya shekara nawa a rufe. Na ga ta ɗaure wani abu mai faɗi a bakin zane, na yi kamar ban gani ba. Muka hau acaɓa, ina tsakiya tana riƙe da ni. Da muka sauka ba ta ce a nufi kemis ba. Ta ce, kamar mai tambayar hanyar banɗaki, “Wai ina ne ake ajiye kwamfutar nan?”

Shago ne a bakin titi inda ake buga takardu da ɗaukar hoto. Sai an tsallake kwata, sannan a hau matakala masu tsayi ba abin riƙewa. Da rarrafe ta ƙarasa ta ƙarshe. Ciki cike da mutane, janareta yana ruri a waje. Mai shagon saurayi ne mai ladabi, ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya karɓi faifan ya sa. Ya ce yana yi, murya ce.

Iya ta matso da bakinta kusa da shi. “Yaro, nuna mini inda zan taɓa. Sai ku ɗan ba ni wuri.”

“Iya, ba taɓawa ake yi ba. Akwai wata 'yar kibiya a jikin gilashin, sai kin gan ta, ki kai ta kan abin.”

“Babu maɓalli?”

“Akwai, amma suna da yawa.”

Ya ɗora hannunta a kansu. Ta shafa, duk kansu ɗaya, ƙanana, a jere kamar haƙoran masara. Ta ɗaga hannu ta shafa gilashin, sumul. Na tambaye shi ko akwai abin sawa a kunne, ya ce ya lalace tun tuni. “Ba komai Iya, bari in kunna miki.” Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ya ƙure lasifika saboda ƙarar janareta.

Muryar Baffa ta cika shagon, tar, kamar yana tsaye a bayanmu. Ban taɓa jin ta da kyau haka ba. “Assalamu alaikum. Mutanen gida…”

Na ga leɓen Iya ya motsa za ta amsa. Kowa ya juyo. A cikin masu jiran hoto akwai Baba Ɗanlami na ƙauyenmu, abokin wasanta ne, ɗan mace da ɗan namiji suke, sun tsufa suna tsokanar juna. Ya tafa hannu yana dariya.

“A'a! Abu! Ashe har Kura ake zuwa jin muryar ɗan fari?”

Ba da mugunta ya faɗa ba. In da a bakin rijiya ne da ta rama har ya gudu. Amma sai ta miƙe tsaye. Ta gyara mayafi.

“Kashe, yaro. Na yaran gida ne, aikowa aka yi in tambaya ko yana yi. Tunda yana yi shi ke nan.”

Ya kashe. Ta karɓi faifanta ta ɗaure. Wajen saukowa ta ƙi a ɗauke ta, ta zauna ta bi matakalar da mazaunai ɗaya bayan ɗaya, mutanen kasuwa suna wucewa. A kan acaɓa na ji goshinta a bayana, rigata ta jiƙe a wurin.

Da magariba aka haɗa hayaƙi kamar kullum. Ƙannena suka ce a yi ta rumbu. Na so in hana, amma ta riga ta ce ga ta nan. Ta yi ta yadda ta saba, har da miƙe wuya da siririyar murya. Ta zo inda biri yake shela, ta zo inda kunkuru ta ce ta ƙoshi, ta jingina da rumbu. Sai ta yi shiru. Muka jira.

“Ƙurunƙus,” ta ce.

Ƙanwata ta ce, “Iya, kin manta gara.”

“Ban manta ba. Yau ba ta zo ba.”

“To kunkurun fa?”

“Tana nan a jingine. Ku tashi, sauro ya yi yawa.”

Ba ta sake yin tatsuniyar ba, ba ta kuma sake neman maganin ido ba. Babana bai samu shiga Kano da faifan ba har damina ta sauka, a cikin daminar kuma Iya ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. A ƙarƙashin matashinta aka sami faifan. Ya dushe, duk jikinsa zane-zane, saboda yawan shafawa. Daga baya da na fara taɓa kwamfuta da hannuna na gwada shi a wurare da dama, babu wadda ta buɗe shi.

Baffa ya dawo gida bayan wasu shekaru, da furfura da ciwon ƙafa. Wata rana muna zaune a gaɓar kanal ya tambaye ni, yana kallon ruwa, ko ta ji saƙon nan na ƙarshe. Na ce ta ji sallamarsa. Na tambaye shi me ya faɗa a ciki. Ya ce shi ma ya manta, hira ce kawai, irin wadda yake cika ɗaya gefen da ita. Ya ce, “Ai na san in kun tafi gona tana kunnawa. Wa kake tsammani nake yi wa?”

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, kamar yadda muke nema a daki raƙumin dawa. Ban samu ba. Mai shago ya ba ta kujerarsa. Baba Ɗanlami ya yi kuka a jana'izarta fiye da kowa. Wanda ya ƙera kwamfuta bai san da wata Iya Abu ba, yana da ido, yana da karatu, ya auna tsawonsa ya yi ƙofa. Abin da na gane da girma shi ne tsoho ba taimako kaɗai yake nema ba. Yana neman abin da zai yi da hannunsa, ba shaida, ba godiya. Wannan kuwa kullum raguwa yake yi.

Yanzu gyaran waya nake yi a Kura, ba nisa da inda shagon nan yake a da. Kullum sai tsofaffi sun zo, da makafi, da masu rawar hannu, su miƙo mini waya in buɗe musu saƙo, su faɗa mini lambar sirrinsu a gaban layi. Wayoyin ma an cire musu maɓallan, gilashi ne zalla, babu inda za a liƙa ƙaro. Ana cewa akwai masu karanta wa makaho abin da ke jiki. Wadda na gwada Turanci take yi, da sauri kamar ana korarta, kuma kafin ka kunna ta sai ka nemi mai ido. Ni ne birin yanzu. Ina ƙoƙarin kada in ɗaga murya, iyakar abin da zan iya ke nan.

Yanar nan ta fara rufe idon Babana shi ma. Babban yayanmu, ɗan farinsa, yana Fatakwal yana sayar da kayan gwari, yakan aiko da saƙon murya. In na ce, “Baba, ga Yaya,” sai ya ce shi ba shi da lokacin surutu. Na san karatun. Sai in kunna, in ajiye wayar a kan tabarma kusa da hannunsa, in ce zan je in duba ruwa a gona.

Rannan ban yi nisa ba, na tsaya a zaure ina ɗaure takalmi. Na ji saƙon ya ƙare. Sai na ji ɗan sautin yatsa a kan gilashi, yana shafawa, yana ƙwanƙwasawa a hankali, yana neman inda ake mayarwa baya. In na koma na kunyata shi. In na tafi ba zai samu ba. Na tsaya a zauren da takalmi ɗaya a ƙafa, ina jin yatsan yana ta kewaya gilashin.